Tseren fili ko na tsallake shinge: wanne ne ke fitar da zakaran dawaki?

Ɗan Barga ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu son dawaki. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bin sukuwar Turai ce. Sukuwar da muka sani a gida ta fili ce, a saki dawaki, wanda ya riga isa shi ya ci. Amma a Ingila da Ailan da Faransa iri biyu ake yi, akwai ta fili, akwai ta tsallake shinge, kuma kowane ɓangare da nasa manyan tseren. Sunaye huɗu ne kullum a bakin mutane: Derby, Arc, Gold Cup da Grand National. A cikinsu wanne ne wanda in doki ya ci za a ce lallai babu kamarsa a wannan shekarar? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Grand National. Ya fi sauran suna nesa ba kusa ba, amma masana ba sa kiran dokin da ya ci shi zakara. Mene ne dalili? Don Allah a warware mini dalla-dalla.

Mai Linzami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Barga. Bari in ɗauki ɓangaren fili, kuma amsata Arc ce.

Derby ya girme shi, tun 1780 ake yinsa a filin Epsom na Ingila, nisansa mita 2,400 da ɗan ɗoriya. Amma dawaki 'yan shekara uku kawai ke shiga, a farkon watan Yuni, lokacin da yawancinsu ba su gama cika ba. Wanda ya ci Derby ya fi sa'o'insa ne, bai kara da yayyensa ba tukuna. Ba raina tseren nake yi ba, don filin Epsom mugun fili ne. Daga tashi hawa ake yi, wajen mita 40 na tudu a kashin farko, sannan a gangaro da gudu zuwa kwanar Tattenham da ke karyawa hagu. Miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe kuma a karkace take, ta zubo wajen shingen ciki. Dukushin da bai iya daidaita jikinsa a gangara ba sai ya riƙa sauya ƙafar da yake jagora da ita, ya ɓata taku, in ya gaji kuma ya jingina hagu ya toshe na bayansa. Dawaki masu gudu da yawa sun faɗi Derby ba don an fi su gudu ba, filin ne ya ƙi su.

Arc kuwa a Longchamp ta birnin Paris ake yinsa tun 1920, ran Lahadin farko ta Oktoba, mita 2,400. A nan ake haɗa 'yan shekara uku da manya, ingarma da goɗiya, daga Faransa da Ingila da Ailan da Jamus da Japan. Nauyin da kowa zai ɗauka a ƙayyade yake bisa shekaru da jinsi: ingarma mai shekara huɗu zuwa sama kilo 59.5, ɗan shekara uku kilo 56.5, goɗiya kuma a rage mata kilo 1.5. Ba a ƙara wa doki kaya don ya fi sauran iyawa. Dandaƙaƙƙen doki ba ya shiga, don tseren na zaɓen iri ne.

Abu biyu ke kayar da mahaya a filin nan. Bayan gangara akwai wata miƙaƙƙiyar hanya da ke yaudarar ido, mahayi ya ɗauka an fito ta ƙarshe ya zaburi doki, alhali da sauran kwanar ƙarshe da kuma wajen mita 500 a gaba. Na biyu ƙasa. A Oktoba ruwa ya sauka, ciyawa ta jiƙe, dokin da ya saba da busasshiyar ƙasa sai kofatonsa ya riƙa nutsewa. Wannan na cikin abin da ya daɗe yana wahalar da dawakin Japan. El Condor Pasa ya zo na biyu a 1999, Nakayama Festa ma haka a 2010. Na Orfevre a 2012 ya fi ciwo: ya fito daga can waje ya wuce kowa kamar suna tsaye, da ya ga ba kowa a gabansa sai ya karkata ya nufi shingen ciki, goɗiya Solemia ta kamo shi a bakin layi.

Dokin da ya ci Derby a Yuni ya dawo ya ci Arc a Oktoba, kamar Sea The Stars a 2009, shi ne wanda ba a yi masa gardama.

Hajiya Mai Goɗiya ta amsa:

Malam Mai Linzami, bayaninka ya yi, sai dai akwai gyara. In Arc ne kaɗai ma'auni, ina za ka ajiye dokin nan na Ingila, Frankel? Sau 14 ya fita tsakanin 2010 da 2012 a hannun mai horar da shi Henry Cecil, sau 14 ya ci, kuma bai taɓa shiga Derby ko Arc ba, don bai taɓa gudun mita 2,400 ba. Ƙarfinsa a mita 1,600 zuwa 2,000 yake. A Ascot a 2012 ya bar na biyu da tsawon doki 11. Tseren fili ba zakara ɗaya gare shi ba, kowane nisa da nasa.

Malam Ɗan Barga, a ɓangaren shinge amsar ta fi sauƙi: Gold Cup na filin Cheltenham a Ingila, a watan Maris. Tun 1924 ake yinsa, nisansa kusan mita 5,300, shinge 22. Kowane doki na ɗaukar nauyi ɗaya, kilo 74 da 'yan kai, goɗiya a sauke mata kusan kilo 3. Wannan daidaiton nauyin shi ne amsar tambayarka ta biyu. Grand National tsere ne da ake raba nauyi bisa ƙwazo: wanda ya fi iyawa a ɗora masa kaya mafi nauyi, na ƙasa a rage masa, don kowa ya sa rai. Ana cika nauyin da ɓallayen dalma a aljihunan ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi, a auna mahayi da kayansa kafin hawa, a sake auna shi bayan ya sauka. To wanda ya ci tsere irin wannan ba lallai shi ne ya fi kowa ba, wataƙila shi ne wanda aka yi wa rangwame fiye da kima.

Abin da ke sa Gold Cup wuya shi ne ba inda doki zai huta. Tun daga tashi gudu ake yi na gaske. Shingen daurin rassan itace ne a matse, tsayinsa bai gaza mita 1.37 ba. Doki na iya shafar samansa ya wuce, amma in ya daki cikinsa da ƙirji to ko dai ya kife, ko numfashinsa ya tsinke. Aikin mahayi shi ne ya hango takun doki tun daga nesa: in ya ga za su isa shingen daidai sai ya ƙyale shi, in taku zai gaza sai ya matsa masa ya tashi da wuri, in zai yi yawa sai ya ɗan tattara linzami doki ya rage taku ya tsallake a kusa. Kuskure ɗaya na cin tsawon doki biyu ko uku, kuma ƙarfin da za a kashe wajen dawo da su shi ne ake nema a ƙarshe a rasa. Shingayen da ke kan gangara kafin kwanar ƙarshe su suka fi kayar da dawaki, saboda a lokacin ake ƙara wuta, kuma nauyin doki ya koma ƙafafun gaba. Bayan shinge na ƙarshe sai hawan tudu har layi. A tudun nan za ka ga wuyan doki ya miƙe, takunsa ya gajarce, mahayi na turawa da hannu da ƙafa amma ba abin da ya rage.

Shi ya sa sunayen da suka maimaita cin sa suke da nauyi. Golden Miller sau biyar a jere, 1932 zuwa 1936. Arkle sau uku, 1964 zuwa 1966. Best Mate sau uku, 2002 zuwa 2004. Kauto Star ya ci a 2007, Denman ya ƙwace a 2008, ya dawo ya karɓi abinsa a 2009, kuma kafin shi babu dokin da ya taɓa rasa kofin ya sake ɗauka.

Baba Sarkin Zagi ya amsa:

Hajiya, maganarki kan nauyi gaskiya ce, amma kada Ɗan Barga ya tafi da tunanin cewa Grand National wasan sa'a ne kawai. Wani abu daban yake gwadawa.

A Aintree kusa da Liverpool ake yinsa a watan Afrilu, kusan kilomita 7. Shinge 16 ne a filin, ana zagayawa sau biyu, 14 a tsallake su sau biyu, biyu kuma sau ɗaya, jimilla tsalle 30. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ake kira The Chair shi ya fi tsayi, mita 1.57, ga rami mai faɗin mita 1.8 a gabansa, ƙasar da za a dira kuma ta fi ta wurin tashi tudu. Becher's Brook akasin haka yake, wurin dira ya fi zurfi, doki na jiran ƙasa ta tare shi sai ya ji ba ta nan, in mahayi bai kwanta baya ya saki linzami ba sai su hantsila. A Canal Turn kuwa da an dira sai a karya hagu kwana sosai, don haka gwanaye a karkace suke tsallake shi. Bayan tsalle na 30 akwai sauran wajen mita 450 na gudu.

Ki duba 1973. Crisp, dokin Ostareliya, ya ɗauki kilo 76, Red Rum kusan kilo 66. Crisp ya ja gaba shi kaɗai kusan dukan tseren, ya tsallake shinge na ƙarshe da ratar tsawon doki wajen 15, sannan ƙafafunsa suka mutu, Red Rum ya kamo shi saura taku kaɗan. Wannan ya goyi bayanki, kilo 10 ne suka raba su. Amma a 1974 Red Rum da kansa aka ɗora wa kilo 76, ya kuma ci. Ya zo na biyu a 1975 da 1976, ya sake ci a 1977 yana ɗan shekara 12. Tsalle 150 a kan waɗannan shingaye bai faɗi ko sau ɗaya ba. Wannan ba rangwame ba ne.

Sa'a dai tana da hannu, ban musa ba. A 1967 wani doki da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta gaban shinge na 23, dawaki suka cakuɗe, Foinavon da ke can baya ya samu kafa ya wuce ya ci. Yau da sunansa ake kiran shingen.

Abin da ke damuna da tseren shi ne dawakin da suka mutu a cikinsa, kuma ina goyon bayan gyaran da aka yi. Daga 2013 aka cire katakon da ke cikin shingayen aka sa roba mai lanƙwasa. A 2024 aka rage dawaki daga 40 zuwa 34, aka matso da shinge na farko kusa da wurin tashi don kada su iso shi da gudun da ya wuce kima. Wasu tsofaffin masoya na cewa an rage masa kwarjini. Ni a ganina kwarjinin da sai doki ya karye ake samunsa ba abin riƙewa ba ne.

Ɗan Barga ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na gane batun nauyi yanzu. Saura ɗaya, Baba: me ya sa dawakin shinge ke shekara da shekaru suna tsere, na fili kuwa da sun yi suna sai su ɓace?

Baba Sarkin Zagi ya amsa:

Kuɗin barbara ne, ɗana. Ingarman da ya ci Derby ko Arc ya fi daraja a barga fiye da a fili, don masu goɗiyoyi za su biya kuɗi mai yawa a kai musu shi, kuma duk fitar da zai ƙara yi kasada ce, ko ya ji rauni ko a kayar da shi farashinsa ya sauka. Sea The Stars yana cin Arc aka ajiye shi yana ɗan shekara uku. Frankel ya tsaya a huɗu. Goɗiyoyi sukan ɗan daɗe, shi ya sa Treve ta ci Arc a 2013 da 2014, Enable kuma a 2017 da 2018, har ta dawo neman na uku a 2019 Waldgeist ya kamo ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Dawakin shinge kuwa kusan dukansu dandaƙaƙƙu ne, ba iri za a ɗauka a jikinsu ba, aikinsu tsere. Kuma a hankali ake kawo su. Galibi da ƙananan shingaye ake farawa, waɗanda tsayinsu ya ɗan wuce mita ɗaya, ana kafa su a ƙasa a jingine, doki na iya bugunsu su kwanta. Babban tseren wannan rukuni shi ne Champion Hurdle, shi ma a Cheltenham, wajen mita 3,300, shinge takwas, kuma a can ƙasa-ƙasa ake tsalle, dokin da ya tashi sama da yawa ya ɓata lokaci. Sai ƙashi ya yi ƙwari ake kai doki manyan shingaye, ƙarfinsa kan cika tsakanin shekara bakwai zuwa tara. Grand National ma ba a karɓar wanda bai kai bakwai ba. Abin da ya fi katse musu aiki shi ne jijiyar bayan ƙwaurin gaba, wadda ke ɗaukar nauyin dira, musamman in ƙasa ta bushe, don haka ake zuba wa fili ruwa kafin manyan tseren bazara. Wanda jijiyarsa ta riƙe shi yakan kai inda Kauto Star ya kai: ya ci tseren King George na filin Kempton karo na biyar a Disambar 2011, yana ɗan shekara 11.