Don Allah a taimaka, shaf ɗin direbata ya hana ni sakat

Salamu alaikum 'yan uwa masu buga golf. Wata bakwai ke nan da na fara zuwa fili a Kaduna, sandunan yayana na gada, shi kuma ƙato ne mai ƙarfin hannu, direbar (sandar bugun nesa) an rubuta S a jikin shaf ɗinta (doguwar gaɓar da ke tsakanin mariƙi da kan sanda) wato mai tauri. Duk sanda na buga sai ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa ta karkace dama, jiya kaɗai uku na zubar a cikin ciyawa har kadi (mai ɗaukar mini sanduna) na ta dariya. Wani dattijo ya ara mini tasa mai R wato mai matsakaicin tauri, wallahi bugu biyu ƙwallo ta tashi sama ta miƙe, sai dai na ji kamar bulala nake riƙe da ita.

An ce wanda gudun lilon sandarsa bai kai mil 95 a awa ba R ya dace da shi, to ni ina zan auna nawa? Sannan shaf ɗin ayan ɗina (sandunan bugun da bai kai na direba nisa ba) na ƙarfe ne, gwiwar hannu na ciwo bayan rami 18, in koma shaf ɗin girafait mara nauyi ko riƙona ne matsalar? Kuɗin ba kaɗan ba ne, bana so in saya in dawo ina cizon yatsa.