Wace kalma za mu ba "node" da Hausa?

'Yan uwa, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. Jiya na zauna rubuta wa ƙanena matakan da zai bi kafin ya goge injinan kwamfuta da ke hannunsa ya sake ɗora musu Linux, manhajar da ke tafiyar da su. Mataki na farko shi ne ya shiga kowane inji ya kwafo fayil ɗin lasisi ya adana a wani wuri. A nan na cije, domin ban san abin da zan kira "node", wato kowane inji ɗaya a cikin tarin injinan da ke haɗe da juna, ba.

Fayil ɗin lasisi bai ba ni wahala ba. Wani malamina ya ce, "Ai mabuɗi za ka ce." Na ce, Allah ya gafarta Malam, mabuɗi yana buɗe wa duk wanda ya riƙe shi. Wannan kuwa ɗaure yake da inji guda. Buɗe fayil irin na FlexNet, tsarin kula da lasisi wanda manhajar lissafi ta MATLAB ke amfani da shi a lasisin haɗaka, za ka ga layin da ya fara da SERVER, sai sunan injin, sai lambar katin sadarwarsa mai gurbi 12, wani lokaci har da lambar ƙofa irin 27000. Goge faifai ba ya canza lambar katin, shi ya sa tsohon fayil ke aiki bayan an sake ɗorawa. Amma ka kai shi wani inji, manhajar ba za ta tashi ba. Kamar lasisin tuƙi ne mai hoton mai shi. Lasisi dai ya zauna.

Saura ɗayar, wato "node". An kawo "ƙulli", amma ƙulli abin kwancewa ne, mai karatu zai zaci matsala ake nufi. "Gaɓa" ta fi kusa, sai dai tana nuna jeri, wannan bayan wancan, alhali injinan nan kowanne da hanyarsa zuwa ga babban injin, wato sabar.

Ni ga abin da ya kwanta mini. Tunda wasunmu sun saba kiran sabar "uwar garke", me zai hana sauran su zama 'yan garke, ɗaya kuma ɗan garke? Na gwada a jimla: "Kafin ka goge, kwafo lasisi daga uwar garke, sannan ka duba kowane ɗan garke ko yana da nasa." Ƙanena ya karanta, bai tambaye ni ma'ana ba, sai ya ce, "Yaya, 'yan garken duka zan duba ko wasu?"

Malam, da sauran masu wannan aiki, ko akwai inda kalmar za ta yi tuntuɓe?