RAID da Hausa: mu tsaya a kan "gayyar faifai"

Masu kula da kwamfutocin ma'aikatu da bankuna a nan Sakkwato, da malamanmu na Hausa, ga shawara na kawo a kan kalmar RAID. Faifai kam, wato ma'ajiyar bayanai ta cikin kwamfuta, an gama da shi (hwaihwai, in ji mu). Sabar ma, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ta zauna a baki, ko da yake wasu na rubuta uwar garke. Abin da ya rage shi ne sunan tsarin nan da ake haɗa faifai da yawa cikin sabar su yi aiki tamkar guda, ta yadda ko ɗaya ya mutu bayanai ba za su salwanta ba.

Sunan ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz ne suka raɗa shi a 1987, suka gabatar da takardarsu a 1988. Hujjarsu ita ce ƙananan faifai masu araha in an tara su za su fi babban faifai guda mai tsada, sai dai yawansu na ƙara yiwuwar wani ya lalace, don haka dole a sadaukar da wani ɓangare na wurin ajiya domin cike gurbi. In aka bi haruffan nan huɗu (Redundant Array of Inexpensive Disks) aka fassara su ɗaya bayan ɗaya, jimla ce za ta fito wadda babu injiniyan da zai faɗe ta a waya.

An kawo "jerin faifai". Ban gamsu ba, domin faifai takwas na iya zama a jere a gaban sabar alhali kowanne harkar gabansa yake yi. "Tagwayen faifai" ya dace da nau'in da ake kira RAID 1 kaɗai, inda ake rubuta abu ɗaya a faifai biyu. "Garken faifai" kuwa zai yi karo da uwar garke.

Ni gayya na zaɓa. Duk wanda ya tashi a Kware ko Wurno ko Rabah ya san yadda take: gona ɗaya, mutane da yawa, kowa ya kama kunyarsa, aikin kwana uku ya ƙare kafin la'asar. In wani ya kasa, na gefensa su ƙarasa masa. Ma'anoni biyun da muke nema ke nan, raba aiki da rufa wa juna baya, kuma kalma ɗaya ta ɗauke su.

Ku duba yadda take zama da lambobin da ake bambanta nau'o'in RAID da su. A ce kana da faifai 4, kowanne terabait 4 (terabait ma'aunin girman wurin ajiya ne). Gayya ta 0 tana yayyanka bayanai ta rarraba a kansu duka, ka samu terabait 16 da sauri sosai, amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi. Gayya ta 10 tana haɗa su bibbiyu, kowane biyu na riƙe abu ɗaya, ka samu 8. Gayya ta 5 tana ba ka 12, ta jure mutuwar faifai ɗaya. Gayya ta 6 tana ba ka 8, ta jure mutuwar kowane biyu.

A gayya ta 5 ne ake yawan rikicewa, don haka bari in ɗan tsaya. Ba kwafi take ajiyewa ba, lissafi take ajiyewa. Ɗauka faifan farko ya riƙe 7, na biyu ya riƙe 5, sai na uku ya riƙe jimlarsu, 12. In na farko ya mutu, a cire 5 daga 12, ga 7 ta dawo. Na'urar ba tarawa irin ta makaranta take yi ba, da sifili da ɗaya take aiki, kuma lissafin yawo yake yi tsakanin faifan, ba a ɗora wa guda. Amma dabarar ke nan. Wannan nake so mu kira "lissafin cike gurbi". Shi ya sa gayya ta 5 ba ta yiwuwa da ƙasa da faifai 3, ita kuma ta 6 sai da 4.

Wata injiniya ta ce mini gayya ta 0 ai ba ta rufa wa kowa baya, ta yaya za ta ci sunan? Gaskiyarki, Hajiya. Amma kunyoyi dai an raba, kuma ko a Turancin sunan bai dace da ita ba, an bar ta ne a cikin dangi. Wani dattijo malamin Hausa kuma ya tuna mini da "ramuwar gayya", ya ce kada mai sauraro ya ji ƙamshin faɗa. Allah shi gafarta Malam, ina ganin da zarar an ce faifai a bayanta, wannan ma'ana ta kau.

Abin da ya sa na damu da maganar shi ne ranar da fitilar faifai ta koma ruwan ɗorawa, alamar ya lalace. Sabar na ci gaba da aiki, ma'aikata ba su ga canji ba, ka je wurin mai sa hannu a kuɗi ka yi masa Turanci, ya ce tunda tana aiki a bari sai wata mai zuwa. Alhali a gayya ta 5 wannan ne lokaci mafi hatsari: sauran faifan galibi sa'anni ne, rana ɗaya aka saye su, zafin Afrilu ɗaya suka sha a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke tsayawa in wuta ta ɗauke. Sake gina bayanan babban faifan da ya mutu a kan sabo kan ci awoyi masu yawa, wani lokaci fiye da yini, ana karanta kowane lungu na sauran. A nan ne na biyu kan faɗi. In ka ce, "Ranka ya daɗe, gayyar ta yi giɓi, in wani ya ƙara faɗuwa bayanan albashi sun tafi," zai ji ka tun kafin ka rufe baki.

Saboda haka ga 'yan rakiya: tsarin da ya rasa faifai amma yana tafiya, "gayya mai giɓi". Faifan da ake sakawa a bar shi yana jiran wani ya mutu ya hau gurbinsa da kansa, "faifan ko-ta-kwana".

Kada kuma sunan ya sa a ɗauka gayya ta wadatar. In ma'aikaci ya goge fayil, ko muguwar manhaja ta kulle bayanai, duk faifan za su bi a lokaci guda. Kwafin ajiya daban yake, a wata na'ura, in da hali a wani gini.

Saura katin nan da ke raba wa faifan aiki, irin PERC na Dell ko Smart Array na HP, mai ɗan batirin da ke riƙe abin da ba a gama rubutawa ba in wuta ta yanke. Na yi tunanin "jagoran gayya". Dattawan da suka san yadda ake kiran mai tsara kunyoyi a ƙauyukanmu, ina jiran naku.