Gida a bakin kogin Tornio: in saya ko in fara da haya?

Baban Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na samu aikin jinya a Ylitornio, can arewacin Finland, zan fara bayan ƙaramar salla in Allah ya yarda. Na ga wani gidan katako a gaɓar kogi, tsakanin Ylitornio da Pello: ɗaki uku, ga sauna (ɗakin wankan turiri), ga rumfar ajiye kwalekwale. Ginin 1978 ne, kuɗinsa kuma bai kai na ɗaki guda a Helsinki ba. Dillalin ya ce daga bakin ƙofa zan jefa fatsa in ciro kifin salmon. In saya ne ko in fara da haya?

Maman Hanifa: Wa'alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya sanya alheri. Amma ka tambayi Maman Sadik tukuna, ita za ta wuni a gidan.

Ɗan Kabi: Bakano da su? Ikon Allah. Kai da ko a Tiga ba ka taɓa kama ƙarfasa ba.

Baban Sadik: Shi ya sa na sako ka a zancen ai, Sarkin Ruwa.

Kawu Lawal: Ƙanena, da na ga 1978 sai da gabana ya faɗi, don nawa na 1976 ne. Ka yi haƙuri zan tsawaita.

Na sayi gida a wannan kwarin a 2019, a cikin watan Yuli, lokacin da ko'ina kore ne shar, kogi na ƙyalli, rana ba ta faɗuwa. Duk gidan da ka gani a wannan watan sai ka rantse aljannar duniya ce. Mai gidan dattijo ne mai fara'a, har kofi ya dafa mana. Wani abokin aikina ya ce in kira masu duba lafiyar gini, abin da suke kira kuntotarkastus, na ce me zai sa in ɓata kuɗi, ai idona ya gani. Araha ba ta ado, ni ne shaida.

Hunturun farko muka fara jin wani wari a ɗakin yara, kamar an jiƙa tsumma an manta da shi. Ƙaramar ta kama tari ba ji ba gani. Da aka fasa ƙasan bango sai ga katako ya yi baƙi, funfuna ta cinye shi. A nan na koyi kalmar valesokkeli. Yawancin gidajen shekarun 1970 zuwa 1980 haka aka yi su: daga waje za ka ga siminti ya tashi sama kamar tushe mai tsayi, amma katakon da bango ya zauna a kai yana can ƙasa, daidai da doron ƙasa ko ma ƙasa da shi. Danshi ya shiga, ba hanyar fita. Gyaransa sai an bi bangon gidan kaf ana yanke ƙasan ana ɗagawa. Doka ta ba mai sayen gida da fili shekara biyar ya kai kuka kan aibin da ya ɓoyu, na kuwa kai. Muka yi ta musayar takardu ta hannun lauyoyi, a ƙarshe aka yi sulhu a kan abin da bai kai rabin kuɗin gyara ba.

Ban gama da wannan ba sai ga man ɗumama gida. Tukunyar mai ce, tankin kuma ba ya jin lallashi idan sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili. Sai kuɗin share ƙanƙara, don hanyarmu ba ta gwamnati ba ce, mu mazauna ne ke haɗa kuɗi a biya mai tarakta. Sai ramin bahaya, wanda doka ta tsananta a kansa ga gidajen da ke kusa da ruwa, dole na sake shi. Sannan Mayun 2023 ya zo, ƙanƙara ta narke a lokaci guda, kogin nan da dillali ke yi maka talla da shi ya tako har cikin sauna, ya tafi da itacen da na faskara na shekara biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sayarwa. Yara sun girma, makaranta ta yi nisa, muka koma Kemi. Allon sayarwa ya fi shekara a kafe. Masu so suna zuwa, amma banki ba ya son karɓar irin gidan nan jingina, don garuruwan mutane raguwa suke yi. Ka kama haya. Ka ga hunturu guda da ambaliya guda da idonka, sannan mu yi maganar saye.

Maman Hanifa: Innalillahi. Kawu ashe haka aka sha, ba ka taɓa faɗa ba.

Kawu Lawal: Wa ke tallar wautarsa, Hajiya?

Injiniya: Ƙari a kan na Kawu. Baban Sadik, fasfo ɗinka kore ne har yanzu ko? Tun 2020 duk wanda ba ɗan Tarayyar Turai ko ƙasashen da ke haɗe da kasuwarta ba, sai ya nemi izinin Ma'aikatar Tsaro kafin ya mallaki gida mai fili. Idan hannun jari ne a kamfanin gidaje, irin na benaye da gidajen jere, babu wannan. Harajin saye kashi 3 cikin ɗari ne a gida mai fili, 1.5 a hannun jari, kuma sassaucin da ake yi wa mai sayen gidan farko an soke shi daga farkon 2024. Bayan ciniki kana da wata shida ka yi rajistar mallaka. Ka kuma nemi taswirar ambaliya ta wurin kafin komai.

Zazzau Boy: Ku bar Bakano ya saya mana. Wata uku zai buɗe shagon atamfa a Pello.

Baban Sadik: Kai dai ka biya ni Yuro ashirin ɗina tukuna.

Malam Idi: Ba wanda ya taɓo maganar kuɗin ruwa. Bashin banki za a ci ko da kuɗi a hannu za a saya?

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, mun yi wannan muhawarar bara har mutum biyu suka fice daga zaure.

Malam Idi: Ficewarsu ba ta canza hukunci ba.

Shugaba: Don Allah a kai wannan can ɗaya zauren. Nan maganar gida da kifi ake yi.

Ɗan Kabi: To tunda an zo fagena. Maganar jefa fatsa daga bakin ƙofa, dillali ne kawai ke magana. Mallakar gaɓa ba ta ɗauke maka lasisi. Akwai kuɗin kula da kifi na gwamnati, Yuro 47 a shekara ga mai shekara 18 zuwa 69, sannan ka sayi lasisin kogin kansa, na haɗin gwiwa, tunda rabinsa na Suwidin ne. Kakar su daga Yuni ce zuwa Agusta, kuma duk mako ana hutar da kogi daga yammacin Lahadi zuwa yammacin Litinin. Idan taimen, wani kifi ɗan'uwan salmon, ya kama ƙugiyarka, sakinsa za ka yi, an hana ɗauka. 'Yan shekarun nan kusan kowace kaka sai an taɓa dokar, a rage kwanaki ko yawan kifin da mutum zai ɗauka, don haka ka karanta ta shekarar, kada ka dogara da bakin maƙwabci.

Dalili kuwa kifin ne ya ja baya. Akwai na'urar da ke ƙirga su a Kattilakoski. A 2014 kusan 100,000 suka hau, a 2023 kimanin 20,000. Duk da haka babu kogin da ya kai shi salmon a duk tekun Baltik, saboda ba a datse shi ba. Dubi kogin Kemijoki a gefensa: tunda aka gina madatsar Isohaara a ƙarshen shekarun 1940 aka yi sallama da kifinsa.

Kuma kamun kifin nan ba irin namu ba ne. Yawanci a kwalekwale ake yi, kana tuƙi a hankali ruwa na jan ka, zaruruwa na bin bayanka da kifin roba ko na katako da suke kira vaappu. Na yi dare huɗu a Lappea, inda Muonio ke haɗuwa da Tornio, kafaɗuna kamar za su cire, ban ga ko ɓawon kifi ba. Dare na biyar na samu mai kilo tara. Na ci rabi, na yi bandar rabi.

Zazzau Boy: Kilo tara a bara, kilo bakwai a bariya. Kifin nan girma yake yi a firiza.

Ɗan Kabi: Mutumin da teku a wurinsa shi ne Kubanni ba zai gane ba.

Maman Hanifa: Ni Kukkolankoski ce ta burge ni, inda kogin ke gudu da ƙarfi kusa da garin Tornio. Masunta na tsaye a kan gadar itace suna kwasar farin kifi da wata koma mai doguwar sanda. Na ce wa Baban Hanifa wannan ai 'yan Argungu ne aka yi wa fenti.

Ɗan Kabi: Lippo sunanta. Ƙanwar homa ce, gora kawai suka rasa.

Auta: Yayyena ni fa na ji an ce kogin Teno ya fi kifi, can wajen Utsjoki.

Ɗan Kabi: Da kenan. Tun 2021 aka rufe kamun salmon a can saboda ƙarancinsa. Kuma in za ka kai kayan kamun kifinka daga nan zuwa can sai an busar da su ko an wanke da magani, akwai wata ƙwayar cuta ta kifin Baltik da ke hallaka na can.

Zazzau Boy: 'Yan Norwe Tana suke ce wa kogin. Kogi guda sunansa tana amma an hana sa ƙugiya.

Malam Idi: Baban Sadik, ka shirya wa lokutan salla. A Yuni can rana ba ta faɗuwa sam, babu magariba balle isha'i a ido. Ni ina bin lokacin gari mafi kusa da ake samun dare da rana sosai.

Injiniya: Mu lokacin Makka muke bi.

Malam Idi: Na sani. Shi ya sa azumin 2016 kuka riga kowa shan ruwa.

Shugaba: Malam, Injiniya, na roƙe ku.

Maman Hanifa: Ba wanda ya gaya masa sauro. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, wallahi na Maiduguri almajirai ne a gabansu. Ba sa kawo maleriya, amma sai ka sa hula mai raga kafin ka shiga daji. Ladan wahalar dai shi ne 'ya'yan itace. Doka ta yarda kowa ya tsinka ko a dajin wa, wuta ce kawai ba a hurawa sai da izinin mai fili. Hilla a ƙarshen Yuli cikin fadama, puolukka a Satumba. Ina zuba puolukka a zoɓo, ku gwada.

Auta: Anti a zoɓo kuma? Tsami a kan tsami?

Maman Hanifa: Ka zo Oulu ka sha, sannan ka yi magana.

Kawu Lawal: Ka kula da barewarsu a hanyar Pello, poro. Ba ta san hon ba, kuma kowacce da mai ita. In ka buge, 112 za ka kira.

Baban Sadik: Na gode ƙwarai jama'a. Kawu, idan na sa aka duba ginin aka ce an riga an gyara tushen fa? Dillalin ya ce akwai wani mai so daga Jamus, in yanke shawara kafin Juma'a.

Kawu Lawal: Ni ma a 2019 akwai wani mai so daga Jamus.

Auta: Wai cikinku wa zai bi jirgin ƙasan dare na Kolari a satin nan? Akwai daddawa da kuka da aka kawo wa Anti Maman Hanifa, suna wurina a Helsinki, ɗakina duk ya ɗauka.

Zazzau Boy: A ba Baban Sadik, ai hanyarsa ce. In ya so ya cire Yuro ashirin ɗinsa a ciki.