Don Allah a taimaka, fumfunar okid ta ƙi nuna kanta

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a nan Jos, furojet ɗina kan fumfunar da ke zaune cikin saiwar okid ɗin da ake magani da shi ne. Okid wani tsiro ne mai fure. Tun damina ƙanena ya goya ni a babur har duwatsun Shere muka tono okid ɗin da ake kira Eulophia, takalmina ma a can ya tsinke, da silifas ɗin aro na dawo. Na wanke saiwar da barasa mai kashi 70, sai Hypo, na ɗauraye sau uku, na shuka a PDA, abincin renon fumfuna da ake haɗawa da dankali. Na kanti ya fi ƙarfina, dankali na sayo a Farin Gada na dafa giram 200 a lita ɗaya. Faranti 14 sun fito, 9 fari fat kamar auduga. Na ɗiga lactophenol, ruwan da ake duba fumfuna da shi, na leƙa a madubin ƙara girma, zare kawai, ba irin da take yaɗuwa da shi (spores). Malamina ya ce yana son sunayensu nan da mako uku. Ya zan yi?

Malam Sadiƙ: Ƙanwata, ki ajiye madubin nan. Abin da bai fitar da iri ba, ido ba ya raɗa masa suna. Ki ciro DNA, a yi PCR, wato a ninka wani sashensa da mabuɗan ITS1 da ITS4, a karanta jerinsa, a kai rumbun GenBank na intanet a yi BLAST, wato a kwatanta shi da waɗanda aka sani. Kuma ki rubuta ki ajiye, Fusarium ne duka, fumfunar nan gama-gari.

Maman Ilham: Ke kin ma yi sa'a sun fito. Ni kwana huɗu ba wuta, firij ya huce, komai ya yi kore. Mai kula da ɗakin gwajin ko sannu.

Bashir: Malam, da ɗan gyara. ITS4 yakan tsallake fumfunar Tulasnella, ita ce kuwa babbar abokiyar saiwar okid, shi ya sa ake amfani da ITS4-Tul. In kuma Fusarium ɗin ne, sashen DNA na ITS ba ya rarrabe nau'o'insu, sai an ƙara da wani sashen, TEF1. Hauwa'u, kin shuka ruwan ɗaurayar ƙarshe a faranti daban? Kin yanka saiwar siriri kin ga dunƙulen zare cikin ƙwayoyinta?

Hauwa'u: Yaya Bashir, ban shuka ba, amma wallahi na wanke sosai. Wadda ta gabace ni ma haka ta yi, ta wuce. Kuɗin PCR kuma daga ina?

Bashir: To ta yaya za ki san ba na bayan saiwar ba ne ko na iska?

Malam Sadiƙ: Bashir, kar ka rikita yarinya. Digirin farko ne fa.

Maman Ilham: Ki rubuta musu "marasa iri" kawai, ki lissafa kala da saurin girma.

Hauwa'u: Malamina ba zai karɓa ba. Kuma yanzu rani ne, ganyen ya bushe, ko na koma Shere ban san inda zan tona ba. Akwai wanda ya san inda ake yin PCR da sauƙi, ko da Abuja ne?