Jinina ya yi ƙasa: in bar naman shanu in koma 'ya'yan sanfulawa?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata biyar, jiya na je awo nas ta ce jinina ya yi ƙasa. Ƙwayoyin da suka ba ni ina sha, ban fasa ba. Kuɗin naman da Abban Iman ke ware mana a wata dubu goma ne, ko kilo biyu ba ya saye. To ƙawata ta turo min bidiyo, wai 'ya'yan sanfulawa, wato babban furen nan mai ruwan ɗorawa, sun ninka naman shanu a sinadarin ƙara jini. In ɗauki kuɗin naman in saye su? Don Allah kar a ce min hanta, ko warinta na ji sai na yi amai.

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam 'yata. Ki samu hanta ki gasa sama-sama, ki haɗa da zogale. Haihuwa tara na yi, ban taɓa sanin wani sanfulawa ba.

Bakatsine: Sanfulawar nan ba ita ake zuba wa aku a keji ba? Malama ki kula kar jaririn ya fito yana surutu tun ranar suna.

Ummu Sadik: Bidiyon bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Fannin abinci na karanta. A giram 100, ɓararrun 'ya'yan sanfulawa suna da ayon, wato sinadarin ƙara jinin, wajen miligiram 5, dafaffen naman shanu kuma biyu da rabi zuwa uku. Sai dai ba abin da ya shiga baki ake dubawa ba, abin da hanji ya tsotsa ne. Ayon ɗin nama irin na cikin jini ne, jiki na karɓarsa cikin sauƙi. Na tsirrai kuwa akwai wani sinadari, faitet, da ke riƙe shi, kaɗan ne ke wucewa. Sannan bitamin B12, wanda shi ma ake buƙata wajen haɗa jini, babu shi sam a sanfulawa, yana cikin nama da kifi da ƙwai da nono. Ga kuma maiƙo: rabin nauyin 'ya'yan nan mai ne, giram 100 ya kusa kalori 600, naman kuwa wajen 250. Wa zai zauna ya cinye giram 100 kullum? Inda suka yi wa nama fintinkau shi ne bitamin E da maganiziyam da harza. A furotin nama na da wajen giram 26, su kuma 21. Hajiya, hanta kuma ana hana mai ciki yawaita ta saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa.

Abu Hanifa: Maman Iman, don girman Allah ki saurare ni. Bara irin wannan ta same mu. Matata ta haɗu da wata mai sayar da 'ya'yan itatuwa a intanet, ta ce mata nama guba ne, maganin asibiti kuma yana sa jariri ya yi ƙato a kasa haihuwarsa. Ta daina shan ƙwayar ban sani ba, ashe ƙarƙashin katifa take tura su. Kullum ga roba cike da sanfulawa da 'ya'yan kabewa, ni kuma ina biya ina murna wai muna cin abin zamani. Wata takwas, in ta hau bene sai ta zauna a matakala ta huta, tafin hannunta fari fat, cikin idonta kamar takarda. Ranar haihuwa jini ya ɓalle. Ƙarfe biyun dare ina tsaye a barandar asibiti da silifas wari da wari, ina buga wa 'yan uwa waya a zo a ba da jini. Leda uku aka ƙara mata. Da na kira matar nan daga baya, cewa ta yi ai ba ta ce a bar magani ba, ta rufe lambata. Har yau in na ga robar nan a kanti gabana faɗuwa yake.

Maman Iman: Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya. Amma ni fa maganina ina sha.

Zainab Jos: Allah sarki. Ai masu sayar da kayan nan a waya sun zama annoba, kowa likita. Abu Hanifa, yaron ya rayu dai ko?

Abu Hanifa: Alhamdulillahi, yana rarrafe yanzu.

Ɗan Kurmi: Ni ban ma gane lissafin ba. Ƙaramar ledar sanfulawa dubu huɗu na gani a kanti, ba ta cika tafin hannu biyu ba. Kilon nama dubu bakwai. Ina arahar?

Zainab Jos: Dubu huɗu? Wurin masu kayan tsuntsaye da kwano ake aunawa, ko rabin haka bai kai ba. Nama kuma a nan dubu takwas da ɗari biyar na saya shekaranjiya.

Ummu Sadik: Na tsuntsaye da ɓawonsa ne, kusan rabi shara ce, kuma ba a adana shi don mutum ya ci. In ya ji danshi yana yin funfuna kamar gyaɗa.

Injiniya Sani: Shekara biyar na yi karatu a Yukiren. Su da Rasha ne kan gaba a noman sanfulawa a duniya, a bakin titi tsofaffin mata ke sayar da soyayye a kofi, ana ɓara ana hira kamar yadda muke yi da gyaɗa. Amma ban ga gidan da ya bar nama saboda shi ba. Abin taɓa ka lashe ne. Mu da muke da riɗi da agushi da ƙuli-ƙuli da wake da awara, me ya kai mu?

Hajiya Inna: Yarinya ta karanta littafi za ta hana ni maganar hanta. Ke haihuwa nawa kika yi?

Ummu Sadik: Ki yi haƙuri Hajiya, ba raini ba ne. Biyu na yi. Zogalen da kika faɗa ma daidai ne. Maman Iman, ki riƙa matsa lemon tsami a faten wake ko kwaɗon zogale, yana taimaka wa ayon ya shiga jiki, kuma ki daina kora abinci ko ƙwayar da shayi, yana hana shi shiga.

Ɗan Kurmi: Ko ku shiga watanda a unguwa, ya fi sayen kilo.

Bakatsine: Wace watanda? Ta azumin bana mutum ashirin muka haɗa kuɗi, da aka zo kasafi kasona ƙashi ne da tumbi da kitse, tsokar kuwa ko yanka biyar ba ta kai ba. Mai haɗawar ya ce wai san ne ramamme. Kai da ƙafa da fata har yau ba wanda ya gaya mana inda suka shiga.

Zainab Jos: Ai ko a kasuwa haka ne. Ka ce tsoka zalla, kana juya kai a cusa maka jijiya a ƙasan leda. Ni yanzu da ƙaramin sikelina nake zuwa, kilo ɗaya na taɓa aunawa a gida na samu giram 800.

Ɗan Kurmi: Ku yi wa mahauta adalci, ku je kara ku tambayi kuɗin sa tukuna. Ga kuɗin mota, ga haraji a kowane shinge.

Maman Iman: To ni dai Asabar zan je kasuwa. In raba kuɗin biyu ne, ko in bar shi a naman?

Bakatsine: Zainab, sikelin nan nawa kika saye shi, kuma da batir yake aiki?