Inbatar masana'anta a motar lantarki haɗin gida: za ta ɗauka?

Mai Sifana: Salamu alaikum. Ga injin lantarki mai layi uku, kilowat 15, ga inbatar masana'anta, wato VFD, mai sarrafa gudun injin, ajin bolt 400. Batirin LiFePO4 ne, ƙwaya 96. In haɗa su a ƙaramar mota, ko in nemi wata inbata?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Yi lissafi tukuna, Malam. Ƙwaya 96 sau bolt 3.2 na kowace ɗaya, kusan bolt 307 ke nan, ita kuwa ajin 400 tana bukatar kusan 560 a DC+ da DC-, inda za a jona batir. Ko tashi ba za ta yi ba. Ko ka kai ƙwaya 180, ko ka koma ajin 230 ka ɗaure wayoyin injin a tsarin delta, wato haɗin ƙaramin bolt, in farantinsa ya nuna 230/400.

Sarkin Giya: Ƙwaya 180? Ashe batir za a kai unguwa, direba ya biyo a ƙafa.

Ɗan Waya: Kafin komai, kada a jona batir kai tsaye. Kapasitocin cikin inbata, masu tara wuta, fanko suke, za su zuƙi wuta lokaci ɗaya su narkar da bakin kwantakta, wato makunnin da ke haɗa batir da inbata, ya manne. A fara cika su ta resista na daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan babbar kwantakta ta rufe. Fiyus ma na DC za a sa, na AC ba ya kashe tartsatsin.

Bakanike: A bar inbatar a V/f, yanayinta mai sauƙi na saita gudu, a jona totur, shi ke nan.

Injiniya: Oga, wannan shawarar fanka da famfo ce. Totur ƙarfin juyi yake nema, ba gudu ba. Sai yanayin bekta, mai sarrafa ƙarfin juyi, da enkoda, mai auna juyawar injin, in ba haka ba mota ta yi ta fizga a hawa.

Bakanike: Kanku yana takarda, hannunmu yana aiki.

Ɗan Waya: Ku bar musu. Abin da ke ƙona IGBT, wato transistocin wutar inbata, shi ne BMS, na'urar kula da batir, ta buɗe kwantakta ana tsakiyar birki. Wutar da injin ke mayarwa ta rasa wurin zuwa, boltin ya haura nan take. A sa BMS ta fara tsayar da inbata.

Sarkin Giya: In dai ƙwayoyin na gaskiya ne. A rubuta 100Ah a jiki, ka gwada ka ga ba su kai ba. Wa ke da injin gwaji?